Ka Bar Wa Baba Cefanensa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa albarka a nemanka, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da mu. Mu ma nan lafiya, sai godiya. Baban yara yana hanya kamar kullum, motar kamfaninsu ta fi mu ganinsa. Auta ta shiga makaranta, har ta riga ta zubar da takalmi ƙafa ɗaya. Ni kuwa ina nan a ɗakin katin asibiti, a tsaye tun safe har la'asar, ina neman katin mutanen da suka mance lambarsu, kuma suke ganin laifina ne. Baba yana gaishe ka. Gwiwar da ya buge ta warke, sai ɗan tsamin da take yi masa da safe.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Dalili shi ne a waya ba na samun ƙarasa magana. Kafin in kai ƙarshen zance ka riga ka yanke hukunci, in kuma ba ka yanke ba, layi ya yanke. Magana ce a kan kayan masarufin da ka sa babban kanti yake kawo mana duk wata. Ka ce ƙarshen watan nan za ka sabunta musu na shekara guda. Yaya, don Allah kada ka sabunta yadda yake. Ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Ba raina alherinka na yi ba. Ranar da Baba ya faɗi a bakin kwatar kwanar layinmu, da sabulu a hannunsa, na ji yadda hankalinka ya tashi a waya. Ka ce tsoho mai 'ya'ya ba zai riƙa yawon sayen ashana ba, daga yau ya zauna a gida a kawo masa komai. Ni ma a lokacin na yarda da kai. Da motar kantin ta tsaya a ƙofar gida aka fara sauke kwalaye, maƙwabta na leƙe, har wani daɗi na ji, na ce yau an sauke mini kaya daga ka.

Gaskiya ma sayayyar Baba ta daɗe tana ba ni haushi. Mutum ya sayi reza ƙwaya ɗaya, gobe ya koma ya sayi wata. In na ce ya sayi fakiti ya huta, sai ya ce reza in ta kwana tsatsa take yi. Batirin rediyo sai wurin mai gyaran agogo, alhali ga shago a kusa. Sabulu kuwa sai koren nan da ba ya kumfa, wanda kake gugawa har hannu ya gaji. Na ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Sai da aka hana shi fita na gane kowace sayayya da inda take kai shi. Mai rezar yana jikin bencin mai aski, inda sauran tsaransa suke zama. Mai gyaran agogo shi ne abokin gardamarsa a kan labaran da suka ji a rediyo. Koren sabulun kuma shi Mama take saya har ta rasu, ƙamshinsa ne a jikin kayanta. Sannan ka tuna mai shagon nan da muke kira Babu Canji? Har yau bai samu canjin ba, alawa yake ba mutane a madadinsa. Wannan alawar ce Auta take jira a bakin ƙofa, ita ce kuma abin da Baba yake shigowa gida da shi a matsayin mai gida.

Ranar da aka jera kayanka a sito, Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ka san shi, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaron siton masana'anta. Ya bi kantocin da kallo daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai, ya sa maka albarka. Daga nan ya rataye hularsa a ƙusa ya zauna a kujerar tsakar gida. Sannu a hankali ya daina aski, ga kwalin reza cike. Rediyo ya yi shiru, ga batir kamar a yi gini da shi. Abinci sai ya taɓa ya ture. Magana ta koma "to" da "madalla". Sallah ma a zaune yake yi a ɗaki saboda gwiwar, don haka sai ya wuni bai ga titi ba. Mai gyaran agogo ya kwanta asibiti har ya fito, Baba bai sani ba. Na kai shi wurin likita, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce lafiyarsa ƙalau. Na dawo da shi gida ina kallonsa yana ƙarewa a gabana. Garin neman ƙiba muka samo rama, Yaya.

Abin da ya canza lamarin ba dabarata ba ce. Wata safiya na makara, na rasa inda kwalin ashana ya shige a cikin kwalayen nan, na yi ta mita ni kaɗai cewa gida kamar kanti amma babu ashanar kunna wuta. Ban ankara ba sai na ga Baba ya miƙe ya ɗauko hula. Na buɗe baki zan hana shi, don muryarka na ji a kunnena, sai kuma na ƙyale shi. Na bi shi daga nesa da kayan aiki a jikina, ina laɓewa bayan motoci kamar marar gaskiya. Ya wuce kwatar a hankali da sandarsa. Babu Canji ya fito daga shago da gudu ya riƙe masa hannu, 'yan benci suka yi ta yi masa tsiya wai sun ɗauka ya yi sabon aure ne ya ɓuya. Ranar na sha faɗa wurin shugabarmu saboda latti. Amma da na dawo na tarar ya yi aski, rediyo na magana, ya kuma cinye abincinsa yana ba ni labarin wanda ya sayar da gida da wanda ɗansa ya dawo.

Tun daga ranar, kullum sai wani abu ya ƙare a gidan nan. Yau gishiri, gobe man goge baki, jibi ƙwan fitila. Ni nake ɓoye su. Ƙarƙashin gadona ya cika, saman durowa ya cika, har wurin maƙwabciyarmu na kai kwali biyu ajiya. Baban yara ya yi tuntuɓe da kwalin omo ya fasa ɗan yatsa, ya tambaye ni ko shago zan buɗe ban gaya masa ba. Kowace safiya, kafin in ɗora ruwan shayi, sai na yi tunanin abin da zai ƙare: kada ya yi nauyi, kada ya zama sai an tsallaka babban titi, kada kuma ya zama wanda ya ƙare shekaranjiya. In na tafi aiki hankalina ba ya kwanciya sai maƙwabciyar ta kira ta ce ya dawo. Sannan da yamma ka kira ka tambaya ko Baba yana zaune a gida, in ce maka yana zaune, don a lokacin a zaunen yake. Na gaji, Yaya. Na gaji da ɓoyon kaya, na gaji da ɓoye maka, ga ƙafafuna da suke kumbura kafin in iso gida.

Makon jiya Auta ta tashi da zazzaɓi, hankalina ya tafi kanta, na mance ban ɓoye komai ba. Da na nufi sito ɗauko madara sai na hangi Baba a ciki. Ya sa kan sandarsa yana tura gwangwanin sukari bayan buhu, a hankali, don kada ya yi ƙara. Na ja da baya na koma kicin. Jim kaɗan sai ga shi, hula a kai, takalmi a ƙafa, ya tsaya a bakin ƙofa bai kalle ni ba.

Ya ce, "Uwata, kamar sukari ya ƙare ko?"

Na ce, "Ya ƙare, Baba."

Ya tafi, ni kuma na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Mama. Wai ni ce zan ɓoye wa tsohon mai tsaron sito kaya. Ashe tun farko ya sani, ya rufa mini asiri, ya rufa maka, don kada a ce ya raina kyautar ɗansa.

Saboda haka ga roƙona. Ka bar masu nauyin su ci gaba da zuwa, buhun shinkafa da mai da tukunyar gas. Ƙananan kuwa ka bar masa. In kana son saya masa wani abu, ka saya masa takalmi mai kama ƙasa, ka kuma sa a rufe kwatar nan da siminti, na riga na yi magana da magini. Ba zan yi maka alkawarin ba zai sake faɗuwa ba, wannan yana hannun Allah. In ya faɗi ni ce a kusa, ni zan ɗaga shi, kuma na yarda ka ɗora mini laifin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ga Baba da ciwon gwiwa, na kuma gan shi a kujerar nan, na san wanda ya fi ba ni tsoro.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata man zafin da ta aiko yana yi wa ƙafata amfani. Ka gaida Babban Yaya ƙarami da 'Yar Baba da Sarkin Ɓarna, Allah ya raya mana su. Baban yara da Auta suna gaishe ku. In ka kira Baba, kada ka nuna masa na faɗa maka, ka tambaye shi labarin unguwa kawai, za ka ji bakinsa ya buɗe. Zan tsaya nan, don motar kantin za ta zo jibi kuma ban san inda zan tura sababbin kwalayen ba. Har yanzu ma ban yanke abin da zai ƙare gobe ba, amma ina jin ashana ce.

Wassalam.

Ƙanwarka,
wadda har yau kake kira Sarkin Kuka