Zanen da Baba Jonah Ya Taya Ni

Yaya Sadisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau nake a Abuja. Ka san aikina a kamfani shi ne zana yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur, don a gano inda take maƙalewa. Da muna ƙarƙashin manajan ayyuka, abin da muka gano gyarawa ake yi. Bayan Sallah aka mayar da mu ƙarƙashin ofishin ma'aikata, masu ɗauka da sallama. Na ce wa oga ba nan ne wurinmu ba. Ya ce, "Zane ai zane ne, Rabi."

Akwai wani dattijo, Baba Jonah, shekara sha tara yana rajistar takardu. Kwana uku ya yi yana nuna mini aikinsa, har yana gyara mini zanen da bironsa. Da wannan zanen aka sallame shi.

Yanzu doya yake sayarwa a tashar Mararaba, kullum sai na wuce ta gabansa. Jiya ya ce, "'Yata, aikin namu ya yi amfani kuwa?" Na ce ya yi. Ya yi murna, ya ba ni doya kyauta. Tana nan ajiye, na kasa dafawa.

Kada ka gaya wa Inna, ku dai sa ni a addu'a. Ran Litinin teburin wata Hannah zan zana. An ce tana da kirki.

Ƙanwarka,
Rabi'atu