Awa Huɗu da Suka Rage wa Auta

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar? Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Umma.

Na so in bari sai na zo mu yi maganar, to zuwan ne ma ya samu matsala. Jiya aka kafe sunayen waɗanda suka kammala, kowa na ajinmu ya fito ban da ni. Na je ofishin rajista, ma'aikacin ya ce darasin nazarin jini ne ya riƙe ni. Na ce masa ai ni na fi kowa maki a jarrabawar. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce darasi ne mai yunit uku, wato awa uku a mako, awa arba'in da biyar a zango. Dole ɗalibi ya zauna talatin da huɗu, ni kuwa talatin gare ni. Makonni biyar da na yi a asibiti wajen Umma su suka ci sauran. Kuma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara.

Kowa ya tattara ya tafi. A benenmu ni kaɗai na rage, har an kwashe katifun sauran gadajen. In na rufe ƙofa sai in ji ƙarar ta zagaye ginin ta dawo min.

Baba, shekara talatin ka yi kana aikin rajista a kwaleji. Ta yaya awa huɗu za su cinye min shekara guda?

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da addu'a, takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Ƙafa da sauƙi.

Ma'aikacin bai zalunce ki ba, abin da ke gabansa ya karanta. Yunit ba ilimi yake aunawa ba, zama yake aunawa. Wata kwalejin ko mai ɗaukar aiki ba su ga abin da ke kanki ba, amma in sun ga yunit uku sun san an zauna gaban malami awa kaza, an kuma yi bitar ninkinsa a gida. Haka na riƙa gaya wa ɗalibai ta taga, har bakina ya saba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba, ko ga mahaifiyarki. Wata shekara wani magidanci, direba ne da ya koma karatu, ya zo tagata awa biyu sun gaza masa. Na san a littafin dokokinmu akwai sakin layin da ya yarda malami ya rama wa ɗalibi awannin da ya rasa, in da uzuri kuma shugaban sashe ya sa hannu. Layi ya yi tsawo ranar, na gaji, sai na ce masa ya dawo baɗi. Ya ce, "To, na gode, Malam." Bai sake dawowa ba.

Ki nemi littafin dokokinku, ki duba can wajen ƙarshe inda ba a cika karantawa ba. Kada ki yi wa kowa tsawa. Ki tafi da takardar asibiti.

Ni kada ki damu da ni. Yayanki yakan kira ran Asabar in bai manta ba. Har yanzu nakan ɗora ruwan shayi na mutum biyu, sai ya tafasa in tuna.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Babana,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun makonni uku. Ban so in rubuto da rabin labari ba.

Sakin layin yana nan, shafi na sittin da ɗaya. Shugaban sashe sai da na yi masa sintiri sau biyar kafin ya sa hannu, ya ce in malamar darasin ta yarda shi ba ruwansa. Malamar tsohuwa ce, wannan zangon za ta ajiye aiki, na same ta tana zuba littattafanta a kwali. Na zaci hannu kawai za ta sa min, don ta san na iya. Ta ce ita ba ta taɓa sa hannu a kan awar da ba ta koyar ba, ba kuma za ta fara a makonta na ƙarshe ba.

Baba, a babban ɗakin lacca muka yi, mai kujera ɗari biyu, ni da ita. Ta kira sunana daga rajista, na amsa. Ta rubuta a allo, ta juyo ta tambaya ko akwai mai tambaya. Dariya ta kusa ƙwace min. A awa ta uku ta zo kan irin ciwon Umma, ta bayyana abin da ke faruwa a jinin mutum a makonnin ƙarshe. Duk na gani da idona, amma ban san sunayensu ba sai ranar. Na kifa kai a kan tebur. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni har na ɗago. Sannan ta duba agogo ta ce, "Minti goma sha biyu muka rasa, sai mu ƙara a ƙarshe." Kuma sai da muka ƙara.

Sunana ya fito. Ranar Alhamis ina hanya. Sai dai wani ɗakin gwaje-gwaje a nan ya kira ni aiki farkon wata, kwana goma kawai zan yi a gida. Ban ba su amsa ba tukuna. In ka ce in zauna, zan zauna.

Taka,
Auta

Auta,

Na gode wa Allah. Ki gaishe min da malamar in kin same ta.

Ki karɓi aikin, ban ce ki zauna ba.

Ɗakin mahaifiyarki yana rufe tun ranar da muka dawo daga asibiti. Na kasa buɗe shi ni kaɗai. Kwana goma za su ishe mu.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mahaifinki