Rabin Taku a Ƙasan Igiya

Torreón, 3 ga Maris

Aminina Fidencio,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwarka, yaya Amparo da jikoki? Ina fata kowa lafiya.

Mutane na cewa tunda an san wanda zai ci kokawarmu tun kafin a hau dandali, ba wanda yake jin ciwo. Abin da nake fara koya wa ɗalibaina shi ne akasin haka: wanda ya diro daga saman igiyar da ta kewaye dandali ya damƙa wuyansa ne a hannun wanda zai tare shi.

Ranar Lahadi ɗalibina Leobardo ya diro, ɗanka Crisanto ne a ƙasa zai tare shi, amma kafaɗar Leobardo ce ta sha siminti. Ka san yaron. Tun da aka ji cewa da saurayinsa yake zaune, mai shirya wasa ya sa masa gashin jimina da jan baki, wai ya riƙa sumbatar abokan karawa jama'a su yi dariya. Ya haƙura, don ba wanda ya kai shi iya dirowa. A ɗakin sauya kaya kuwa jakarsa kullum a bakin ƙofa nake tsintarta. Crisanto ya taɓa ce masa amarya ta jira maza su gama wanka. Shi kuma ya ce ai amarya ba ta hanzari.

Wataƙila tsautsayi ne. Ka tambayar mini shi.

Naka kullum,
Eulalio

Torreón, 11 ga Maris

Aminina,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗi gwiwa ta yi sauƙi. A gaida gida.

Ka ce santsin giyar da ta zube ne ya ja Crisanto. Ni na share wurin da kaina, a bushe yake. Na kuma kalli bidiyon wasan har sau tara. Ƙafarsa ta hagu ta ja baya rabin taku, hannuwansa a buɗe, yadda ɗan kallo zai rantse ya yi ƙoƙari.

Ban taɓa koya wa kowa wannan takun ba. Mu biyu muka ƙirƙiro shi shekara talatin da suka wuce, muka yi wa abokin kokawarmu Nicanor, saboda irin wannan dalili. Har yau yana dogara sanda yake sayar da gordita, wainar masarar nan, a bakin tasha, kuma idan na wuce sai ya ƙara mini ɗaya kyauta. A ina ɗanka ya gani, Fidencio?

Lahadi mai zuwa za su sake karawa. Leobardo ya hana ni kai ƙara, wai za a ce ɗan daudu ba ya jure faɗuwa, a cire shi daga wasan.

Ka zo wurin horo ranar Asabar, da Crisanto. Ni zan hau igiyar, da furfurata. Ka tsaya a ƙasa, ɗanka na kallo, ka gwada mu gani ko har yanzu ka iya tare mutum.

Amininka,
Eulalio Barraza