Ranar da Dada Ya Nemi Ruwa

Zuwa ga gaggafar tsaunukanmu, inuwata a ranar zafi, garwashin da ya hana zuciyata daskarewa duk tsawon sanyin bana. Zuwa ga wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, kuma ba zai kira ba, domin a gidan mutunci aka raine ni. Amincin Allah ya lulluɓe ka a kan wannan gado na asibiti a Nazran, ya kai hasken idona.

Saƙonka ya iso. Baudi direba ne ya kawo shi, ya tsaya a tsakar gida yana jujjuya makullin motarsa kamar shi ya yi laifin. Wai ka ce a gaya wa Tumisha hanya a buɗe take. Wai namijin da ba zai iya miƙewa tsaye ba idan babba ya shigo ɗaki bai cancanci ya ajiye mace ba. Wai ni yarinya ce, in koma gidan ubana tun kafin ƙuruciyata ta ƙare a bayan keken gurgu.

Kai ne kuwa ka faɗi haka? Kai da na gani a bikin 'yar kawuna, ranar da ka shigo filin rawa a kan 'yan yatsun ƙafarka, hannuwa a buɗe, ƙasa tana rawa a ƙarƙashinka? Ka kewaye ni kamar guguwa ta kewaye bishiyar tuffa, ko gefen rigata ba ka taɓa ba, ni kuwa idona yana ƙasa amma babu motsinka ɗaya da ya wuce ni. Kana tsammanin ƙafafun na aura? Wallahi da ƙafa nake nema, da na auri dokin Kesira maƙwabciyarmu, shi har huɗu gare shi. Abin da na gani a ranar shi ne yadda ka ja da baya ka ba ni fili, ka dafa ƙirji ka sunkuyar da kai da kiɗa ya tsaya. Nakiyar da ka taka a daji ta kai ga wannan ne? Ta ɗauki ƙafa ɗaya, ta raunana ɗayar. Mijina kuwa yana nan yadda na san shi, har da taurin kansa.

Ka sha yi mini dariya a kan littattafaina, ka ce wata rana madara za ta ƙone gidan ya bi bayanta ina can ina kuka a kan mutanen takarda. To, ka sani mutanen takardar sun yi mana rana. Da itace ya ƙare a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su na riƙa sakawa a murhu don in dafa wa mahaifinka Dada shayi. Nakan sake karanta shafin ƙarshe a hasken wutar, sannan in jefa. A kusan kowanne akwai jarumin da yake sakin masoyiyarsa wai don ya cece ta, ni kuma in yi ta sharɓar hawaye ina cewa kai, wannan ya cika namiji. Yau da abin ya zo ƙofata na gane babu wanda ya taɓa tambayar matar. Gara da suka zama toka!

Bari in ba ka labarin gidanku, tunda ka yanke hukunci a kansa daga nesa.

Ka san jirage sun riga bikin buɗe bakina zuwa. Aka kawo ni gidan nan, ba a kai ga tara dattawa a sa in kawo wa surukina ruwa in fara yi masa magana ba sai yaƙi ya faɗo. Haka na shiga ramin nan da mahaifinka da gwaggonka, bakina a ɗaure kamar yadda ya kamaci amarya. Gwaggo ta sha ce mini in bar wannan abu, wa yake ta al'ada bama-bamai suna sauka? Kesira kuwa cewa take yi in na mutu da shiruna za a rubuta a dutsen kabarina cewa ga wadda ta fi kifi ladabi. Na ƙi. Masu jiragen nan sun rushe mana rufin ɗaki, sun kashe tumaki, sun mai da makaranta kufai. Ashe har tarbiyyar da uwata ta yi mini zan miƙa musu da hannuna?

Sai na koma yin magana da kyanwa. In na ji rugugi daga wajen kogi, sai in dube ta in ce a gaya wa mai gida ya sauko ƙasa. Shi ma Dada sai ya dube ta ya ce a gaya wa 'yar mutane ya ji, amma sai ya idar da sallarsa. Ta bakin kyanwar nan na san yana son gurasar masara da ɓawo mai ƙarfi, ta bakinta ya san takalmina ya huje, ya zauna ya ɗinke shi da waya. Ranar da aka zo da labarin cewa ka fita ɗibar tafarnuwar daji don mu samu abin sayarwa, ba ka dawo da ƙafarka ba, bai yi kuka ba, ka san shi. Ya dai ɗauki kyanwar ya ɗora a cinya, ya ce mata a gaya wa wadda take bakin ƙofa ta zauna, yau ɗaya.

Saƙonka bai kwana biyu ba ya kai gidan iyayena, don bakin Baudi ya fi motarsa gudu. Shekaranjiya da hantsi sai ga yayana Shirwani ya ratso shingayen sojoji ya zo. Ya gaida Dada yadda ya dace, aka ba shi wuri, na kawo shayi na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce mahaifinmu ba ya son 'yarsa ta zama kaya a gidan da aka ce an sallame ta. Tunda maganar daga ɗan gida ta fito, ya zo ya tafi da ni.

Ya rabin raina, ka taɓa ganin wanda ake sayar da gonarsa yana tsaye a kan kunya? Maza biyu suna yanka rayuwata kamar nama a faranti, ni kuwa ba ni da bakin cewa uffan a gaban surukina. Na duba ƙarƙashin benci, na duba bayan murhu. Kyanwar ta fita yawonta! Duk sanyin nan tana manne da ƙafata, sai ranar da nake bukatarta. Maganar ta zo mini baki, na cije ta. Na ce a raina ko da za a fitar da ni daga gidan nan, ba za a ce 'yar gidanmu ta yi rashin kunya a ranarta ta ƙarshe ba.

Dada ya daɗe yana kallon sandarsa. Can sai ya ɗago, ba kyanwa ya duba ba, ni ya duba, ya ce:

"Nus, matar ɗana, kawo mini ruwa."

Na ɗebo a moɗar nan mai lanƙwasasshen baki. Ya karɓa, bai sha ba. Ya juya wajen Shirwani ya fara tsokana irin ta ranar buɗe baki, wai kurma muka kawo masa, wai hancina ya yi tsawo, wai wa ya sani ko daga kwatami na ɗebo ruwan. Gwaggo ta leƙo daga madafa, ta gane abin da ake ciki, ta toshe bakinta da gefen ɗankwali. Babu dattawa, babu kiɗa, rabin rufin ɗakin leda ce. Ya sake tambaya ko ruwan nan zai shawu. Na ce:

"Sha, Dada. Allah ya sa ya zame maka lafiya."

Ya shanye tas. Ya ce ba shi da abin tukwici sai saniya, ta zama tawa. Gwaggo ta ce ai kyauta ta yi kyau, an ba mutum abin da dama shi yake tatsa. Sannan ya dubi yayana ya ce yanzu tana da baki a gidan nan, ya tambaye ni da kansa.

"Shirwani," na ce, "da kiɗa da harbin bindiga aka kawo ni gidan nan. Ba zan fita da saƙon direba ba. Ka gaida su Nana mahaifiyarmu."

Yayana ya sunkuyar da kai, amma na ga gefen gashin bakinsa yana motsi. Ya ci gurasa ya tafi, kuma Gwaggo ta rantse ta ji shi a bakin ƙofa yana ce wa Baudi ƙanwarsa ce fa wannan.

Saura amsarka, ya sanyin idona, kuma ba daga gare ni take ba. Da na ɗauke moɗar, Dada ya kira ni, ya ce tunda yanzu muna magana in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in ƙara masa gishiri irin na littattafai:

"Ɗan da ya bar ƙafarsa a daji yana nema wa ubansa abinci, ba shi zai tashi ba. In an shigo da shi, ni zan tashi."

Ka ji? Mutumin da bai taɓa ɗaukar ka a gaban jama'a ba ko kana jariri, wanda ko a gaban hafsan sojan da ya zo bincike bai motsa daga kujerarsa ba! Wace sarauniya ce a cikin duk littattafan da na ƙona take da suruki irin nawa? Wace ce take da miji irin nawa? Jiya na je ɗibar ruwa kaina a sama, har Kesira ta tambaya ko wuyana ne ya sage.

Baudi zai koma Nazran ranar da likita ya sallame ka. Na share ɗakin da ke kusa da ƙofa, Dada yana fasa matakalar yana zuba ƙasa don keke ya hau. Kada ka aiko da wani saƙon. Ka zo da kanka, kada ka bar tsoho yana jira da niyyar tashi, gwiwoyinsa ba su da ƙarfi kamar da.

Taka, a tsaye a bakin ƙofar gidanku har kogin Argun ya koma kan tsaunin da ya fito,

Tumisha