Murfin Kwalba

Litinin, 3 ga Maris
Wata bakwai a wannan ɗakin gwaji, har yau Farfesa "ke" yake ce mini. Abincin rana a kan benen baya, ni kaɗai.

Alhamis, 6 ga Maris
Umma ta kira, wai in faɗa mata aikina da Hausa. Na ce ƙwayar cutar tana fitowa da rigarta a ɗinke, ba ta iya shiga ko'ina sai wani sinadarin jikinmu ya tsaga furotin ɗin rigar gida biyu. Mu ne ke ba ta almakashi. Ni kuma na canja wurin tsagar, in ga ko zai kasa. Ta ce, "To Allah ya ba da sa'a, kina dai cin abinci?"

Juma'a, 14 ga Maris
Layi ɗaya a hoton sakamakon gwajin, ba biyu ba. Furotin ɗin bai tsagu ba. Farfesa ya ɗaga hoton a taro, ya faɗi sunana daidai. Da rana Dogo, abokin aikin da bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba, ya jawo mini kujera a teburin da suke cin abinci. Na yi ta surutu kamar wadda aka kwance.

Talata, 18 ga Maris
Kwalabe biyu nake reno: ƙwayoyin halitta masu sinadarin, da waɗanda ba su da shi sam. A murfi na rubuta sunayen, ba a jiki ba. Yau na lura murfin "masu shi" yana kan kwalbar da na sani da tsagin gefe. Ta marasa shi ce. Yaushe na musanya, oho. Ke nan ba dabarata ce ta hana tsagar ba, almakashin ne babu.
Ba wanda ya sani.

Laraba, 19 ga Maris
Na ci da su. Dogo yana ta ba'a, ina dariya. Ina son kujerar nan, wallahi ina sonta.

Alhamis, 20 ga Maris
Na faɗa wa Farfesa a tsaye. Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. "A murfi? Sake yi. Ke za ki yi wa taro bayani."

Juma'a, 28 ga Maris
Layi biyu. Ya tsagu tas, kamar ban taɓa komai ba. Na nuna a taro.
Da rana ba wanda ya jawo kujera. Na tsaya da kwanona a ƙofa, na kusa juyawa. Sai na je na jawo da kaina. Ta yi ƙara a kan siminti, kowa ya ɗago.
Dogo ya matsar da kofinsa kaɗan. Ba wani abu ba ne. Na dai zauna.