Langar da ta ƙone a Kotonu

Yaya Sahura,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ciwon ƙafarta? Ina yara? Allah ya ba ku damina mai albarka.

Ni lafiya lau nake, sai ɗan ƙuna a hannu. Kada ki gaya wa Inna. Aikin da nake yi a gidan madam a nan Kotonu ne dai babu.

Kin san Ajuma ɗiyar Baba Amadu ta Matankari, wadda ta riga ni aiki a gidan. Na tambaye ta yadda ake ɗumama tuwo a injin da suke kira mikro'ond. Ta ce in sa shi cikin langata ta ƙarfe, har da cokali. Shekara uku tana gidan, Yaya, ta san ba a sa ƙarfe! Wuta ta yi tartsatsi, injin ya mutu, madam ta kore ni. Washegari ƙanwar Ajuma ta kama aikina.

Ga langar nan na aiko ta hannun direba. Kada ki wanke baƙin. Ranar bikin Ajuma bayan Sallah, ki ɗora ta a saman jeren kwanukanta. Duk matar da ta tambaya, ki ce ta je amarya ta ba ta labari.

Ƙanwarki,
Juwairiyya