Sunan Maganin da Ya Kumbura Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririnku Mai Kumatu. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa aikinki albarka. Mu ma lafiya lau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, sai dai ya ƙi riƙe sandar da likita ya ba shi, wai ba za a tsufar da shi ƙarfi da yaji ba. Mama tana nan da ɗinkinta. Auta ta shigo makarantarmu bana, kullum ni ce mai ɗaukar mata jaka.

Yaya, kwamfutar da kika aiko mini ta yi rana. Malamin kwamfuta ya ba ni aiki tare da ƙawata, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. An ce mu haɗa manhaja don ɗakin shan magani na makaranta, yadda nas za ta rubuta sunan ɗaliba, ta ga ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa. Aikin kashi biyu ne. Ni na ɗauki sabar, wato ɓangaren da ke ajiye bayanai, domin can babu mai kallona. Rediyo ta ɗauki shafin da nas za ta riƙa gani.

Ranar gwaji na rubuta sunan Auta, sai shafin ya nuna koren rubutu, wai babu matsala. Na san ba gaskiya ba ne, don ban manta ranar da wani magani ya sa fuskarta ta kumbura har idanunta suka rufe ba. Da na bincika sai na gano dalili. Lokacin da makaranta ta tambaya, Mama ba ta tuna sunan maganin ba, sai ta bar wurin ba ta rubuta komai ba. Sabar tawa ta aika da shi haka. Shi kuwa shafin Rediyo amsa biyu kawai ya sani, akwai ko babu, don haka ya ɗauki shiru a matsayin babu. Kowaccenmu ta rubuta nata bayanin yadda ɗaliba take, ba mu taɓa haɗa su ba.

Sai na buɗe fayil guda ɗaya na siffanta ɗaliba a ciki, na sa sabar da shafin duka su riƙa karantawa daga nan. Na mayar da amsar uku: akwai, babu, da ba a sani ba. Harshen kwamfutar da muke rubuta manhajar da shi yana duba irin wannan. Idan wani ɓangare ya manta da amsa ɗaya, manhajar ba za ta tashi ba sam. Nan take aikin Rediyo ya cika da jan layi. Ta ce na mayar mata da shafi kamar littafin lissafinta bayan malama ta duba, ta juya mini baya. Malam kuma ya ce shugabar makaranta za ta zo gani a makon nan, in cire fayil ɗin a miƙa aiki, gyara ya biyo baya.

Kin san ni, ko sunana aka kira a aji sai muryata ta maƙale. Amma na miƙe, na ce: “Malam, idan aka miƙa shi haka, ƙanwata ce za a ba maganin.” Ya daɗe yana kallon koren rubutun nan, sannan ya ce shugaba za ta jira.

Rediyo ta yini ba ta kula ni ba, abin da aka ce tarihi ne. Washegari ta jawo kujera kusa da ni, ta ce in matsa, uwar iyayi. Muka bi jan layin ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Yanzu duk ɗalibar da ba a san nata ba, rubutu ruwan ɗorawa ke fitowa, yana cewa a tambayi iyaye kafin a ba da magani. Sunan Rediyo ma a cikinsu ya fito, kuma ita ce ta fara kiran gida.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ke ce kika kai Auta asibiti a ranar, lokacin Mama tana wajen Gwaggo. Don Allah ki tuno mini sunan maganin, ko ki duba ko katin asibitin ya bi ki cikin kayanki. Kada ki yi mini kirdado, Yaya. Idan ba ki tabbata ba, ki faɗa mini haka, ni zan raka Mama asibitin mu nemo. Kafin nan sunan Auta zai zauna a ruwan ɗorawa, kuma ba zan bari kowa ya mayar da shi kore ba.

Baba da Mama suna gaishe ku. Kawu ya ce har yanzu yana jiran hoton Mai Kumatu. Auta ta ce a gaya miki ta kusa kamo ni tsawo, amma ba gaskiya ba ne. Ki gaishe mini da maigidanki.

Ƙanwarki,
Shiru-shiru